Awa 20 a mako: abin da na gani a hidimar ofishin da ya tura ƙanena karatu Ingila

Tun da ƙanena ya tafi Ingila karatun digiri na biyu a watan Satumba na 2024, da wuya mako ya wuce ba a yi sallama da ni a ƙofar gida ba, ko a tare ni bayan sallar Juma'a, ana tambayata ta wace hanya muka bi, nawa muka kashe, kuma ko ofishin da ya yi mana hidima a Kano abin dogaro ne. Mu mutanen ƙauye ne a tsakanin Gumel da Maigatari, ni kuma malamin makarantar sakandare ne, kuɗin tafiyar nan kuwa daga riɗin gonarmu da bijimai biyu da muka kai kasuwar Maigatari da kuma gudunmawar dangi ya fito. Saboda haka nake ganin hakki ne a kaina in faɗi abin da na gani game da wannan ofishi, da daɗinsa da rashin daɗinsa. Ba zan kama sunansa ba, domin akwai kuskuren da zan bayyana, kuma ba tozarta kowa na nufa ba.

Aikin takardu sun yi shi yadda ya kamata, kuma ba zan daɗe a kansa ba. Sun taimaka wajen zaɓen jami'a a arewacin Ingila, inda haya ta fi ta Landan sauƙi, sun bi diddigin takardar CAS da jami'a ke bayarwa kafin a nemi biza, sun tura shi gwajin tarin fuka, sun kuma ja mana kunne cewa kuɗin da za a nuna wa hukuma dole ya kwana 28 a jere a cikin asusun banki ba tare da ya yi ƙasa da adadin da ake buƙata ba ko da na yini ɗaya. Kuɗin biza a lokacin fam 490 ne, na kiwon lafiya kuma fam 776 a kowace shekara, kuma duk sun ba mu rasit ɗin hukuma mun gani da idonmu. Ladan aikinsu ya kai kimanin kuɗin buhun riɗi biyu. Wannan duka ofisoshi da dama a Kano za su iya yinsa. Abin da ya bambanta wannan ofishi, wanda kuma shi ne dalilin rubutuna, shi ne yadda suka ɗauki batun awannin aikin da doka ta yarda ɗalibi ya yi.

Bayan biza ta fito, sun ce ba za su miƙa wa yaro takardunsa ba sai an yi zama da wanda ke ɗaukar nauyinsa a gida. Na yi sammako na shiga motar Kano, raina a ɗan ɓace, domin lokacin noman damina ne kuma ina ganin an gama komai. Jami'in da ya karɓe mu mutum ne mai kimanin shekara arba'in wanda shi ma a can ya yi karatu. Da muka gaisa sai ya jawo farar takarda ya ja gidaje bakwai, ya rubuta Litinin a na farko, Lahadi a na ƙarshe, sannan ya dube ni ya ce, "Malam, kafin mu yi maganar yaro, wa zai biya kashi na biyu na kuɗin makaranta a watan Janairu?" Na ce masa mun yi lissafin cewa idan yaro ya sami aiki a can zai riƙa tarawa, mu kuma mu cika abin da ya rage. Ya ajiye biron ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan lissafin ne ya sa na ce sai ka zo da kanka."

Ya yi mana bayani cewa ɗalibin da ke karatun digiri na cikakken lokaci a Birtaniya an yarda ya yi aiki awa 20 a mako a lokacin da ake cikin zangon karatu, wanda karatunsa bai kai matakin digiri ba kuma awa 10, sai a lokacin hutun da jami'a ta ayyana a hukumance ne ake iya yin cikakken aiki. Makon da doka ta sani yana farawa ne daga Litinin ya ƙare Lahadi, kuma kowane mako cin gashin kansa yake yi, wato ba a yin awa 10 a wannan mako a ce za a rama da 30 a mako mai zuwa. Idan mutum yana da wuraren aiki biyu ko uku, haɗa awanninsu ake yi gaba ɗaya, ba kowanne da nasa ashirin ɗin ba. Daga nan ya yi lissafin da har yau yana cikin kaina. Mafi ƙarancin albashi a lokacin fam 11.44 ne a awa ɗaya ga wanda ya kai shekara 21, wato awa 20 za su ba shi fam 228.80 a mako, kusan fam 990 a wata. Ita kuwa gwamnatin Birtaniya da kanta ta ƙiyasta cewa ɗalibin da ke wajen Landan yana buƙatar fam 1,023 a wata don ci da sha da haya kawai. Ma'ana, ko da yaro ya cika awanninsa cif a kowane mako, bai yi ciwo ba, ba a rage masa aiki ba, abin da zai samu bai kai abin da aka ƙiyasta zai rayu da shi ba, balle a yi maganar kuɗin makaranta da ya haura fam 16,000, balle kuma aike gida.

Na yi shiru na ɗan lokaci, domin a ƙauye idan aka ji fam ɗaya ta haura Naira 2,000, sai kowa ya riƙa ninka albashin da kuɗinmu, ba wanda ke ninka kuɗin haya da na wuta da na mota. Kallon kitse muka yi wa rogo, kuma ni da nake koyar da lissafi ina cikin waɗanda suka yi wannan kallon. Jami'in ya tuna mana abin da ya faru a watan Mayu na 2024, lokacin da aka umarci wasu ɗaliban Najeriya da ke Jami'ar Teesside su bar ƙasar bayan sun kasa biyan kuɗin makaranta a kan lokaci sakamakon faɗuwar darajar Naira, ya ce yaron da aka bari da bashin makaranta a wuyansa shi ne wanda ke fara ƙetare awa ashirin, ba don ba shi da tarbiyya ba, sai don an matse shi ta gaba da ta baya. Na dawo gida a ranar na tara ƙannen mahaifinmu, muka sake lissafi, muka yanke shawarar jinginar da gona ɗaya ta fadama domin kashi na biyu ya zama a hannu kafin lokacinsa. Da wannan zama kaɗai ofishin ya yi mana, da kuɗinmu ya halatta gare su.

Na tambaye shi kai tsaye ko jami'o'in suna ba su kamasho a kan kowane ɗalibi da suka tura, ya ce suna ba su, bai ɓoye ba. Na ambaci wannan ne domin mai neman irin wannan hidima ya san cewa ofishin yana da riba idan yaro ya tafi, saboda haka wanda ya iya gaya maka abin da zai iya sa ka fasa tafiyar ya nuna wani abu na amana.

A cikin kuɗin da muka biya akwai alƙawarin ci gaba da ba da shawara ta WhatsApp har tsawon shekara guda, kuma a nan ne na ga amfaninsu na biyu. Ƙanena ya fara samun aiki a wani gidan kula da tsofaffi, inda suka nemi lambar tantance izinin aiki da ake cirowa a shafin gwamnati, tare da takardar jami'a mai nuna ranakun zangon karatu da na hutu, domin doka ta wajabta wa mai ɗaukar ɗalibi aiki ya ajiye wannan shaida. A watan Nuwamba sai wani kamfanin samar da ma'aikata ya ba shi aikin ɗaure kaya a wani babban sito. A mako guda gidan tsofaffin suka rubuta masa awa 12, masu sito kuma suka rubuta masa awa 10, kowannensu yana ganin bai kai ashirin ba, domin babu wanda ya san da ɗan uwansa. Ya aika wa jami'in hoton jadawalin biyu, ni ma ya turo mini. Amsar ta zo a daren, da muryar mutumin, yana cewa yaron ya kira masu sito da safe ya ce awa 8 kaɗai zai iya yi, ko da za su ji haushi. Ya ƙara masa da wani bayani da ban taɓa tunaninsa ba, cewa aikin kwanan da ya fara ƙarfe 8 na daren Lahadi ya ƙare ƙarfe 8 na safiyar Litinin ya ratsa mako biyu ne, awa 4 na makon da ke ƙarewa, awa 8 kuma na sabon mako, don haka ya riƙa rubuta kowanne a gidansa. Tun daga ranar ƙanena ya sayi ƙaramin littafi ya ja gidaje bakwai ɗin nan a kowane shafi, yana rubuta lokacin shiga da na fita, yana kuma gwada shi da takardar albashi a ƙarshen wata.

Dalilin wannan taka-tsantsan ba ɓoyayye ba ne. Duk albashin da aka biya ta hanyar da ta dace yana shiga kundin hukumar haraji ta Birtaniya da lambar inshorar ma'aikacin, saboda haka awannin da aka yi a wurare daban-daban a wuri ɗaya suke haɗuwa. Tun daga dokar shige da fice ta 2016, yin aikin da biza ba ta yarda da shi ba laifi ne da ake iya gurfanar da mutum a kansa, har a ƙwace abin da ya samu. Ana iya soke bizar ɗalibi a mayar da shi gida, abin kuma ya bi shi duk lokacin da ya sake neman shiga ƙasar, ita ma jami'a wajibi ne ta sanar da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida idan ta san ɗalibinta ya karya sharaɗi. Mai ba da aikin ma bai tsira ba, domin daga Fabrairun 2024 tarar da ake ci ta kai fam 45,000 a kan kowane ma'aikaci a karon farko, fam 60,000 kuma idan aka maimaita. Ga iyalin da suka jinginar da gona, a dawo da yaro ba takardar shaida saboda awa biyu da suka yi sama ba ƙaramar musiba ba ce.

Masu ofishin sun kuma tsaya tsayin daka a kan batun kai abinci gida-gida da keke, wanda wasu abokan zamansa ke yi da asusun wani da suke haya. Masu kai abinci na kamfanoni irin su Deliveroo da Uber Eats ana ɗaukarsu ne a matsayin masu sana'ar kansu, bizar ɗalibi kuwa ta haramta sana'ar kai da kowane irin kasuwanci, ko da na awa ɗaya ne a mako. Wannan ya shafe mu ta wata fuska da ban zata ba, domin wani baffanmu ya kawo shawarar a riƙa aika wa yaro kilishi da zoɓo da huluna yana sayarwa 'yan uwanmu da ke can. A wurinmu wannan neman halak ne da kowa zai sa wa albarka, amma a dokar can kasuwanci ne, kuma jami'in ya gaya mana haka ba tare da kwana-kwana ba. A hutun Kirsimeti, da jami'a ta ba da takardar hutu a hukumance, yaro ya yi cikakken aiki na 'yan makonni, abin da ya samu kuma ya rage masa nauyin haya na watanni biyu.

Kuskurensu ya zo ne a watan Yunin 2025, kuma ba ƙarami ba ne. A cikin takardar jagora da suka ba mu tun a Kano an rubuta cewa ɗalibi zai iya yin cikakken aiki a hutun Kirsimeti, da na Ista, da kuma dogon hutun da ke farawa a watan Yuni. Wannan gaskiya ne ga mai digiri na farko, amma mai digiri na biyu na shekara ɗaya yawanci ba shi da wannan dogon hutu, domin a watannin ne yake rubuta kundin bincikensa, jami'o'i kuma suna lissafa lokacin a matsayin zangon karatu ko da ba a shiga aji. Lamarin ya zo daidai da Babbar Sallah. Ƙanena ya kira ni ina tsaye a bayan makaranta, inda sabis ya fi kamawa, ya ce, "Yaya, an gama shiga aji, gidan tsofaffi sun ce za su ba ni awa 36 a mako daga Litinin, ina so bana ragon Inna ya fito daga hannuna." Na ji daɗin maganar har cikin raina, na sa masa albarka, ban kuma yi tunanin komai ba, domin takardar ofishin tana cikin akwatina kuma abin da ta ce ke nan. Ya aika wa jami'in saƙo don ya tabbatar, kwana uku babu amsa, daga baya muka ji lokacin cunkoson masu neman gurbin Satumba ne. Abin da ya cece mu shi ne manajar gidan tsofaffin ta ce ba za ta ƙara masa ko awa ɗaya ba sai ya kawo sabuwar takardar hutu daga jami'a. Da ya je sashen kula da ɗaliban ƙasashen waje, suka gaya masa cewa yana cikin zangon karatu har ranar da karatunsa zai ƙare a hukumance, awa 20 ɗin nan kuma tana nan a kansa.

Na kira jami'in da kaina na gaya masa cewa da matar nan ba ta tsaya a kan ƙa'ida ba, da takardarsu ce ta jefa yaron a rami. Bai yi musu ba, ya ba da haƙuri, ya ce takardar an tsara ta ne tun lokacin da yawancin waɗanda suke turawa masu digiri na farko ne, kuma za su gyara. Na karɓi uzurinsa, amma ban ɗauki abin da sauƙi ba, domin ofishin da yake karɓar kuɗi a kan sanin doka bai kamata ya raba takarda ɗaya ga ɗalibai iri biyu da dokarsu ta bambanta ba, kuma jinkirin kwana uku a kan tambayar da ta shafi biza ya yi yawa. Abin da na koya a nan shi ne maganar ƙarshe a kan ranakun hutu tana hannun jami'ar da yaro yake, a rubuce, kuma kyauta suke bayarwa. Ragon Inna kuwa ni da ƙannena da ke gida muka haɗa muka saya, na kuma zaunar da ita na yi mata bayani da kalmomin da za ta gane, cewa aikin yaro a ƙayyade yake kamar awon mudu, idan ya zuba fiye da haka za a iya koro shi. Ta ce a gaya masa kada ya sake tunanin aiko da ko sisi sai ya gama. Tun daga lokacin nake roƙon dangi, musamman masu kiransa a kan biki da suna da kuɗin magani, su biyo ta kaina, domin yaro mai kunya ba zai iya ce wa baffansa babu ba, sai dai ya je ya karɓi ƙarin aikin dare.

Akwai wasu abubuwan da ya kamata masu ofishin su duba. Takardunsu duka da Turanci suke, alhali iyayen da ke sayar da amfanin gona su biya kuɗin da yawansu da Hausa ko ajami suke karatu, kuma ba na jin fassara shafi biyu zai gagare su. Ba su da reshe a Dutse ko Haɗeja, saboda haka kowane sa hannu sai an yi tafiyar Kano. Alƙaluman da ke cikin takardar ma suna tsufa da wuri: mafi ƙarancin albashi ya koma fam 12.21 a watan Afrilun 2025, abin da gwamnati ke buƙatar a nuna na zaman wata ɗaya a wajen Landan kuma ya koma fam 1,136 a Janairun shekarar, wato giɓin da aka nuna mini a farar takarda bai rufe ba. A gefe guda na yaba da yadda suke raba dokar kowace ƙasa da ta 'yar uwarta, domin a majalisar ƙauye ana cakuɗa su. Wani maƙwabcinmu ya zo yana cewa ya ji an ƙara awanni zuwa 24, na tambaya masa, aka ce wannan Kanada ce, tun Nuwamban 2024, Ostareliya kuma awa 48 ce a cikin mako biyu, Amurka awa 20 ce amma a cikin harabar jami'a, sai an sami izini na musamman ake aiki a waje, ita kuwa Birtaniya tana nan a kan ashirin ɗinta.

Wanda ya tambaye ni ko ya je wannan ofishi, ina ce masa ya je, amma ya je da kansa tare da yaron, ya nemi a yi masa lissafin albashi da haya a gabansa kafin ya sayar da ko akuya, ya tambaya ko takardar jagorar da za a ba shi ta masu digiri na farko ce ko ta na biyu, sannan ya sa wa yaron sharaɗin cewa ba zai ƙara awa ɗaya a kan ashirin ba sai da takardar jami'a a hannunsa. Wanda kuma dukan dogaronsa a kan aikin da yaro zai yi a can ne, ina gaya masa gaskiya cewa ya dakata tukuna, ko ya nemi tallafin karatu, ko ya duba jami'o'inmu na Dutse da Kano.

Ƙanena ya miƙa kundinsa a watan Satumba na 2025, kuma bai karɓi cikakken aiki ba sai da ranar ƙarewar karatun da ke cikin takardunsa ta wuce, jami'a kuma ta tabbatar masa a rubuce. Littafinsa mai gidaje bakwai yana nan ya adana shi tare da takardun albashinsa, domin yana shirin neman bizar da ake bai wa waɗanda suka kammala karatu. Da na shiga Kano bayan girbi na biya ta ofishin, na nemi a nuna mini sabuwar takardar jagora. Sun raba ta biyu, an kuma rubuta batun watannin kundin bincike da manyan baƙaƙe a shafin farko na ta masu digiri na biyu, sai dai har yanzu da Turanci take.